Lungun da muka daina sharewa

Shekarar da aka ɗora mini kula da ƙungiyar muhalli ta makarantarmu, iyakar sanina game da jawo tsuntsaye cikin haraba shi ne a dasa itatuwa. Na samo dashen mangwaro da na turare, yara suka haƙa ramuka a bayan ajujuwa, muka ɗauki hoto kowa baki har kunne. Aka tafi hutu babu mai ban ruwa. Da muka dawo, awakin unguwa sun yi wa mangwaron aski, gara kuma ta gama da turaren.

Baba maigadi ne ya tare ni wata safiya, ya nuna mini da sandarsa wasu 'yan tsirrai a gindin katanga, waɗanda duk Litinin muke sa masu makara su sare da sunan tsafta.

"Malam, wannan magarya ce, wancan kalgo, ga aduwa can. Saiwarsu ta girme ka. Ku bar su su sha iska mana."

Kunya ta kama ni, domin ni ne mai koyar da kimiyyar. Daga baya na gane abin da Baba yake faɗa shi ne manoman Maraɗi ke kira sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, ya fara yaɗawa a can a 1983. Kututturen da ake gani kamar ya mutu yana da saiwa mai rai a ƙasa. Sai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Babu sayen iri, babu jigilar ruwa. Haka muka yi, muka kewaye lungun da shingen ƙaya, muka ce tsintsiya da lauje kada su ƙara shiga.

Nan rigima ta tashi. Shugaban makaranta ya ce ciyawa gidan maciji ce, kuma gaskiyarsa, wanda zai amsa tambayar iyaye ba ni ba ne. Muka sasanta: lungun zai yi nesa da tagogin ajujuwa, za a share hanya mai faɗi a kewayensa saboda maciji da gobarar rani, kuma babu yaron da zai cusa hannu cikin tarin duwatsu.

Abin da ya fi komai aiki bai ci mu ko sisi ba. Gindin wata fasasshiyar randa ne muka binne rabi a inuwa, muka zuba ruwa, muka jera tsakuwa a ciki don ƙudan zuma su samu wurin tsayawa kada su nutse. Da farko mun bar ruwan ya kwana biyar ko shida, sai ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil. Tun daga ranar ake sauya shi duk bayan kwana biyu. A tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa, za ka ga kurciya ta sauka nesa kaɗan, ta yi taku uku ta tsaya, ta karkata kai ta dube ka, sannan ta tsoma baki. Yaran da ada danƙo ba ya barin aljihunsu su ne yanzu ke yi wa juna alamar a yi shiru.

Ranar da hawainiya ta bayyana a kan magaryar kuwa, sai da na shiga tsakani, don har an ɗauko duwatsu. Muka tsaya muna kallon idanunta, ɗaya na duban gabas ɗaya yamma, har aka buga ƙararrawa ba wanda ya motsa.

Akwai littafin da muke rubuta duk abin da aka gani. Sunayen da ban sani ba, yara ke kai wa kakanninsu tambaya su dawo da amsa. Makon jiya wata 'yar aji biyu ta rubuta: bushiya ɗaya, da sassafe, kusa da randa.