Abin da littafin lissafin mai ya koya mini

Na yi shekara uku ina riƙe da littafin lissafin man motocin wani kamfanin rarraba kaya a Kano kafin in fahimci abin da nake rubutawa a cikinsa. Lokacin da lita take ƙasa da naira 200, babu wanda ya damu da yadda direba yake taka totur. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, cikin 'yan kwanaki lita ta haura naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000, sai littafin da ba a ko buɗewa ya zama abin da ake fara tambayata kowace safiya.

Kuskurena na farko shi ne zargi. Motoci biyu iri ɗaya sukan ɗauki kaya kusan daidai daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 230, amma kullum ɗaya takan dawo tankinta ya fi na ɗayar sauka, ni kuwa na riga na yanke a zuciyata cewa matashin direbanta yana sayar wa 'yan bumburutu. Da na bi kowannensu tafiya guda, kunya ta kama ni, domin yaron bai taɓa satar ko digo ba, ƙafarsa ce kawai take shanye man. Yakan fizgi mota da ƙarfi, ya manne wa ta gabansa, ya danna birki, sannan ya sake fizga. Dattijon da ke jan ɗayar kuwa, tun daga nesa idan ya hango shingen jami'an tsaro ko cunkoson Kwanar Dangora, sai ya ɗage ƙafa ya bar motar ta rage gudu da kanta. Da na yi masa magana sai ya ce, "Malam, duk birkin da ka taka ba dole, man da ka saya ne kake zubarwa a kwalta."

Daga baya na karanta dalilin wani ɓangare na abin da na gani: idan aka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, shi ya sa 'yan mintocin da ake samu da gudun kilomita 120 a awa maimakon 90 suke da tsada. Muka kuma mayar da auna iskar taya wajen mai faci aikin safiya, tun taya ba ta yi zafi ba, muka daina barin injin yana sulo ana jiran lodi.

Wuri ɗaya ne muka saɓa da dattijon, wato cire mota daga giya a saka ta a firi a gangare, al'adar da ya taso da ita tun zamanin kafireta, tsohuwar na'urar da take haɗa mai da iska ta ba injin. A motar zamani mai injekta, wato na'urar da take fesa wa injin mai, idan tana cikin giya kuma an ɗage ƙafa daga totur, kwamfutarta takan katse mai gaba ɗaya, alhali a firi dole injin ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ga kuma haɗari, domin a gangare irin na Hawan Kibo a hanyar Jos, motar da ba ta cikin giya ta dogara ne da birki kaɗai, birki kuwa idan ya yi zafi yakan ƙi kamawa. Sai da bakanikenmu ya haɗa na'urarsa a motar ya nuna masa da idonsa kafin ya yarda, kuma har yau idan muka haɗu yakan ce kafireta ta fi gaskiya.