Ginshiƙin da ya tona min asiri a Jidda

Shekara 19 ina aikin gini a Jidda, tun daga ɗaukar kwanon siminti har aka fara kirana mu'allim, wato shugaban magina a bakin mutanen nan. Duk tsawon lokacin ban taɓa ɗaukar zafi a matsayin matsalar magini ba. Namu mu tayar da bango, mu bar rami kusa da taga, mai gida ya sayo mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya cusa. Sauran zance tsakaninsa da takardar kuɗin wuta.

Wani dattijo ne ya sa na sake lale. Bahaushe ne ɗan ƙasa, cikin waɗanda kakanninsu suka tako da ƙafa zuwa Hajji ta Sudan, suka zauna. Gidansa na cikin waɗanda rusau ya ci a 2022, a tsofaffin unguwannin kudancin gari, wajajen Gulail da Karantina. Da diyya ta fito sai ya sayi fili can arewa, ya ce bene hawa huɗu zai yi, shi da iyali a ƙasa, sama ta 'yan haya. Baba Alhaji muke ce masa.

"Ɗana," ya ce min ranar farko, "gilashi nake so daga sama har ƙasa, yana walƙiya irin na Titin Tahliya."

Ni dai na ce to. Injiniyanmu, wani Bahaushen Sudan ɗan Mayurno da kowa ke kira muhandis, shi ne bai ce to ba. Biro ya zaro. Ya tuna wa Baba cewa tun Janairun 2018 wutar gida ta koma halala 18 (halala ita ce kwabon Saudiyya) kowane kilowat, alhali da can matakin farko halala 5 ne, kuma abin da ya haura 6,000 a wata halala 30 ake biya. Wajen kashi 70 cikin 100 na wutar gidajen ƙasar nan kuwa sanyaya ɗaki ke cinyewa. Filin kuma yamma yake kallo.

"Baba, in ka sa gilashi a nan, tanda ka gina, sannan ka ɗauki mukayyif aikin fifita ta."

Wata Juma'a bayan la'asar ya kwashe mu zuwa Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2014. Na sha zuwa sayen turare da atamfa, amma ban taɓa ɗaga kai na dubi ginin da idon magini ba. Bangon na dutsen murjani ne da ake haƙowa a gaɓar Bahar Maliya, mai kauri, an gitta katako a tsakanin sahu-sahu don ya raba nauyi, an shafe da farar ƙasa. Tagogin kuma su ne roshan, akwatunan katako da suka turo waje, masu ƙananan ƙofofi: iska ta shiga, rana ta tsaya a waje, matan gida su ga titi ba a gan su ba. Lungunan matsattsu ne, gida na yi wa gida inuwa. A ƙofar gidan Nasif, inda Sarki Abdul'aziz ya sauka a 1925, muka tsaya ƙarƙashin tsohuwar darbejiyar nan. Sai na tuna zauren kakana a Kano, ginin tubali da azara, inda ake barcin rana a watan Afrilu ba ko fanka. Muhandis ya nuna mana dogon benen Bankin Ahli da ke kusa, na 1983: dutse ne zalla ta waje, gilasansa duk an ɓoye su cikin manyan ramuka masu inuwa. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a bar zancen walƙiya.

Kada wani ya ɗauka mun koma zamanin da. Wanda ya san gumin Jidda a Agusta, lokacin da riga ke manne wa mutum tun asuba, ya san ba mai zama ba mukayyif. Nufin kawai a rage masa wahala. Tagogin yamma muka ƙanƙanta, muka sa gilashi mai ruɓi biyu, muka yi musu rumfar ƙarfe mai ƙofofi a madadin roshan, don katako irin na Balad ya fi ƙarfin aljihun Baba. Manyan tagogi suka koma arewa, inda iska ke fitowa. Bango kuma bulo mai soso a tsakiya, abin da ake kira azil, wanda ma dokar gini ta wajabta.

A nan na yi abin kunya. Zanen ya ce a lulluɓe ginshiƙai da bim-bim na waje da allon soso kafin filasta. Ni kuwa ina da wani aikin da ke jirana, na ce a raina bulo ya riga ya yi aikinsa, ginshiƙi nawa yake? Na sa yara suka yaɓe bangon yamma na hawa biyu haka nan. Filasta ta rufe, ba mai gani.

Bayan kwana uku muhandis ya zo wajen ƙarfe biyar na yamma. Bai tambaye ni komai ba. Ya shiga ɗaki, ya bi bango da tafin hannu kamar mai neman ƙofa a duhu, ya tsaya.

"Mu'allim, zo ka taɓa nan."

Na taɓa, lami lafiya. Ya ja hannuna taƙi ɗaya zuwa dama. Ɗumi kamar bayan tukunyar da aka sauke ɗazu. Kankare da rodi ba sa tare zafi, wucewa yake ta cikinsu kai tsaye, ya kewaye soson da aka kashe wa kuɗi. Ya ƙara da cewa a gari mai laima, irin wurin nan ne fenti ke fara tabo, har zanen ginshiƙin ya fito a bango.

Kwana tara muka yi muna sassaƙe filasta, kuma daga ladana aka biya leburori. Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, ashe bango ma yana da baki."

Rufin sama bai ba mu wahala ba: shimfiɗar hana yoyo, allon soso, sannan farin tayil. Tankin ruwa muka gina masa ɗaki, domin a bazara ruwan famfo a nan yakan ƙona hannu da azahar.

Abin da na fi alfahari da shi kuwa bai ci kuɗin kirki ba. Ruwan Jidda daga teku ake tace shi, a turo daga Shu'aiba, amma kowane gida na barin ruwan da mukayyif ke ɗigarwa ya bi bango ya lalata fenti. Mu sai muka haɗa bututun duka gidan zuwa ƙaramin tanki a tsakar gida. Cikin laimar bazara na'ura ɗaya kan kusa cika jarka a yini. Ba na sha ba ne, amma ya ishi wanke tsakar gida da ban ruwa. Maƙwabci ya kawo mana dashen bazromiya, bishiyar da ake so don saurin girma, na ƙi, saboda na sha fasa ƙasa ina ciro saiwarta daga cikin bututun mutane. Darbejiya biyu muka dasa ta yamma.

Ina ganin allunan talla a hanyar Abhur, an zana gidaje da ciyawa shar, an rubuta musu sunan kare muhalli, gaban kuwa gilashi ne yana fuskantar faɗuwar rana. Ƙasar na da tsarin tantance irin waɗannan gine-gine, Mustadam, amma mu ba mu nemi shaidarsa ba. In na wuce irin waɗannan gidaje, hannuna ne ke ƙaiƙayin taɓa ginshiƙi.

Makon jiya Baba ya kira ni. Na zaci yoyo ne. Ashe tattabaru ne suka gano rumfunan tagogin, suka mayar da su gida, 'yan hayar hawa na uku suna ƙorafi. Gobe zan je da raga da tsani.