Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Tsefe Min Kai

A makon jiya na tsaya a inda Baffa ya zo daga Zariya ya tarar da ni kwance da ƙuna a ƙafa, bayan farfaɗiya ta kayar da ni gefen murhu. Ya ce wa Baba ko da yardarsa ko babu, sai an kai ni asibitin koyarwa. Baba ba ya yi wa yayansa musu, amma ransa bai so ba, kuma yana da dalili.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya. Ina 'yar shekara shida ta kama ni, Allah ya yi da sauran kwana. A wannan shekarar ce wani kamfanin ƙasar waje ya gwada sabon magani a kan yara a Kano, maganar da ta kai har kotu. Ba na cikin yaran, amma tun lokacin Baba in ya ji an ce "gwaji" sai ya haɗe rai. Faɗuwar ta fara min bayan shekaru, ba wanda ya haɗa ta da sanƙarau. Aka ce iska ce. Na sha rubutu, na sha hayaƙi, aka ware min kofi da kwano don kada yawuna ya shafi wani.

Likitan ya rubuta mana gwajin auna lantarkin ƙwaƙwalwa da suke kira EEG, ya ce in zo da kai a tsefe, a wanke, ba mai ko ɗigo, kuma kada in yi barci sosai a daren. Umma ta zauna tana tsefe min shuku tana mita, wai wane irin asibiti ne ke neman budurwa da buzu-buzun kai.

Wata ma'aikaciya ta auna kaina da tef irin na tela, ta yi ta ɗiga alama, sannan ta manna min ƙananan faifai wajen ashirin da wani abu mai danƙo da sanyi, kowanne da siririyar waya. Baba ya miƙe tsaye.

"Baiwar Allah, wuta za ku sa mata?"

"A'a Baba, mu sauraro kawai muke yi. Wutar tana cikin kanta, da ku da mu duk muna da ita."

Ta ce in rufe ido, in buɗe, in yi ta jan numfashi da ƙarfi har na ji jiri, sannan ta kunna fitila mai walƙiya a fuskata. Ko zafin cizon sauro ban ji ba.

Da muka koma wajen likita da sakamakon, sai ya tambaye ni abin da ba wanda ya taɓa tambayata: me nake ji kafin in faɗi? Na ce wani abu ne ke tasowa daga cikina zuwa ƙirji, sai in ji warin ƙonanniyar roba alhali ba a ƙona komai ba. Gwaggo, wadda ta biyo mu ba a gayyace ta ba, ta yi caraf ta ce ai shi ne zuwan mutanen ɓoye. Likitan bai yi mata dariya ba. Ya taɓa gefen kansa, saitin kunne, ya ce a nan ciki akwai sashen da ke kula da jin ƙamshi da ajiye tunani, kuma daga nan layukan takardata suka nuna tsini. Sanƙarau kan bar tabo a ƙwaƙwalwa, tabon ya yi shiru na shekaru kafin ya fara tayar da rikici.

"Hajiya, kin san lugude. Kowace mace da lokacin sauke taɓaryarta. Haka ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika saƙon lantarki. Ranar da duk suka sauke lokaci guda, ita ce faɗuwar. Warin nan farkonta ne, tun kafin ta bazu."

Ya ce ba a ɗauka ta yawu, a daina cusa min cokali a baki, a juya ni gefe kawai a kawar da wuta da ruwa. Ya rubuta min maganin Tegretol, safe da dare, ba fashi.

Daga baya, da na shiga makarantar kiwon lafiya, na bi diddigin waɗannan abubuwa kamar mai neman danginta. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar lantarkin ƙwaƙwalwar ɗan'adam a 1924. Phenobarbital, wanda har yau ake bayarwa a ƙananan asibitocinmu, tun 1912 ake maganin farfaɗiya da shi. Nawa maganin kuwa aikinsa shi ne rage saurin wasu ƙananan ƙofofi a jikin ƙwayar jijiya, waɗanda sinadarin sodiyam ke shiga ta cikinsu ya tayar da saƙo. A 2001 masu bincike suka gano cewa tangarɗa a ƙwayar gado ɗaya, SCN1A, mai gina irin ƙofar nan, ita ke jawo wata muguwar farfaɗiyar jarirai, kuma masu ita irin maganina ƙara musu ciwo yake yi. Wato farfaɗiya ba ciwo ɗaya ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mu kusan miliyan 50 ne a duniya, kuma har bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Sauran ukun su ke damuna, don yawancin binciken ƙwayoyin gado a kan jinin Turawa aka yi shi. Mu ana tsoron ba da jini, kuma ban ga laifin irin su Baba ba, an taɓa cin amanarsu.

Makonnin farko maganin ya sa ni barci da jiri, Gwaggo ta ce ga shi nan sun fusata. Sannu a hankali faɗuwar ta yi nisa, har damina ta wuce ban faɗi ba. Umma ta mayar da kofina cikin na kowa ba tare da ta ce uffan ba. A unguwa dai sunana bai canza ba, kuma da wannan sunan labarina ya isa gidan su wanda ya fara zuwa zance wurina. Abin da mahaifiyarsa ta aiko a faɗa wa Umma, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.