Ƙirgar ƙayoyin kifi ruwa-biyu

Aikin da aka ba ni a ɗakin gwaje-gwaje a yammacin ƙasar Ailan shi ne ƙirga. Ƙananan kifaye ne kashi uku: salmon na Tekun Atlantika, turawut mai ruwan ƙasa, sai 'ya'yan da aka samu daga haɗa su biyun. Akan ci karo da irin wannan ruwa-biyu a kogunan Turai ma, ba sai an haɗa da hannu ba.

Mukan jiƙa kifin a jan rini na alizarin har ƙasusuwansa su rine. Sai in ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ɗaga fiffiken ƙirji da bakin allura, in bi ƙayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, dama sannan hagu. Haka fiffiken da ke ƙarƙashin cikin kifin, haka 'yan tsinkayen da ke jere a mashaƙar kifin ta gefen kai. Gadon halitta ɗaya ne ya gina ɓangarorin biyu, a ruwa ɗaya. In dama ta ba da 14, hagu 13, to wani abu ya girgiza ginin tun farkon rayuwar kifin.

Ruwa-biyun nan suna ba ni tausayi. Salmon na da kuromosom (zarurrukan da ke ɗauke da gadon halitta) kusan 58, turawut 80, ɗansu kuwa ya tashi da wajen 69, rabin na wannan da rabin na wancan, kamar alfadari tsakanin doki da jaki. Umarni biyu ne da ba su saba aiki tare ba. A cikin nawa kifayen, su ne suka fi yawan saɓani tsakanin dama da hagu, abin da masu bincike Leary da Allendorf da Knudsen suka gani a wasu haɗe-haɗen dangin salmon a jihar Montana ta Amurka tun 1985.

Amma bambancin ƙaya ɗaya ne tak, kuma ido na gajiya. Shi ya sa nake rufe lambar kifin kafin in fara, don kada sanin asalinsa ya ja min hannu, in kuma sake ƙirgawa wata rana ba tare da duba ta farko ba. Wanda bai yi haka ba, a ganina, gajiyar idonsa yake aunawa.

Zafin ruwa ma na sauya yawan ƙayoyi, don haka dole ƙwayayen duka kashi ukun su ƙyanƙyashe a ruwa iri ɗaya, in ba haka ba kwatancen ya ɓaci tun daga tushe.