Talata: F8 ya daina amsawa

Hazo tun asuba, ko tsallaken titi da ƙyar ake gani. Na sha kunun Inna a tsaye na nufi shago.

Da hantsi Kawu ya kira daga Mabera. Sabuwar laftof ɗin Auta ta ƙi tashi tun da suka saka mata manhajar tsohuwar firintarsa jiya da dare. Allo baƙi, 'yan ɗige-ɗigen nan suna ta zagaye, shi ke nan. Aikinta na kammala karatu yana ciki, ga shi jibi za ta miƙa.

"Ɗana, na danna F8 har yatsana ya yi tsami. Wagga na'ura ko kallona ba ta yi ba. Mi ya hwaru?"

Kawu fa shi ya koya mini amfani da maɓallin F8 na kwamfuta, zamanin Windows XP, ina yaron shagonsa. Kana kunnawa ka yi ta dannawa, jeri ya fito, ka zaɓi sef mod, kwamfuta ta tashi da abin da ba makawa kawai, ka cire abin da ya ɓata ta. Ko ta waya sai ka koya wa mutumin Illela. Na ce masa, Kawu, tun Windows 8 a 2012 aka daina sauraron maɓallin nan. Sabon tsarin tayar da kwamfuta, UEFI, ya maye gurbin tsohon, BIOS, ga faifan ajiya mai sauri na SSD, tashi ya yi saurin da damar dannawar ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Yanzu riƙe Shift ake yi a danna Restart. Ya ce to ina zai ga Restart ɗin, ita da ba ta buɗe ba? Gaskiyarsa. Mabuɗi a cikin ɗaki, ɗaki a kulle.

Na ce saura hanya ɗaya: ya kunna, tana fara tashi ya danne maɓallin wuta har ta mutu, sau biyu a jere, a na uku za ta shiga shafin gyara da kanta. Ya yi shiru. Sai ya ce, "Ni da nike hana yara kashe kwamfuta hakanan, yau kai ka ce in yi da gangan?" Amma ya yi. Muryarsa ta canza, irin ta wanda ake koya wa abu a fagen da ya tsufa a ciki, kuma hakan ya tsaya mini a rai.

Shafin ya fito, muka ɗan yi murna. Kafin mu kai ga sef mod sai ga shuɗin allo yana neman lambar BitLocker, wato makullin faifai na Windows, alƙaluma 48. Sababbin kwamfutocin Windows 11 da yawa suna kulle faifai da kansu, lambar kuma tana cikin asusun Microsoft da aka fara shiga da shi. Asusun wa? Na mai shagon da ya sayar musu, don da nasa imel ya buɗe ta, wai ya sauƙaƙa musu. Wayarsa a kashe har bayan azahar. Auta na jin duk abin da muke faɗa, ina jiyo shessheƙarta.

Da la'asar mai shagon ya turo lambar. Kawu na karantowa shida-shida, Auta na bugawa. Aka danna 4 don shiga sef mod, aka cire manhajar firintar, ta tashi lafiya. Alhamdu lillahi.

Kullen nan yana da amfani, ɓarawo ba zai karanta komai ba. Abin da ke damuna shi ne ɗaliban da ke yawo da laftof a garin nan alhali lambarsu na hannun wani a kasuwa, ba su ma san akwai ta ba. In ya canza layi fa? In ya tashi daga shagon?

Abincin rana: biredi da shayi.  Zazzaɓin Yaya da sauƙi.

Gobe in Allah ya kai mu zan je Mabera in mayar da asusun sunan Auta, in buga mata lambar a takarda. Na ce wa Kawu akwai wani umarnin Windows, bcdedit, da ke dawo da F8 in yana so. Ya ce in zo da wuri, kafin ya fita masallaci.