Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gardamarmu da Mama a Jelling

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu ɗaki a Aarhus ta ƙasar Denmark, gidan wata tsohuwa da ta yi aikin jinya a Adamawa tun tana budurwa. Hausarta a miƙe take, irin ta mutanen mishan, amma a karin magana sai dai ka sara mata. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce ɗana.

Wata Asabar ana sanyi mai ratsa ƙashi ta ce in shirya, Jelling za mu. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauya a Vejle. Gari ne ɗan mitsitsi: farin coci tsakanin tuddai biyu, a gabansa duwatsu biyu cikin akwatunan gilashi. A jikin babban, wajen shekarar 965, Sarki Harald Bluetooth ya sa aka sassaƙa cewa shi ya mallaki Denmark da Norway, ya kuma mai da mutanensa Kiristoci. E, shi ne dai mai sunan nan da ke cikin wayarka.

Mama ta dafa sandarta ta ce, "Ɗana, an makara da shekara kusan 140." Wai tun 826 aka yi wa wani sarkinsu, Harald Klak, baftisma a Mainz, a gaban Sarki Louis ɗan Charlemagne, babban sarkin Kiristocin Turai na zamanin. Ya juyo gida tare da wani malamin coci, Ansgar, amma shekara na zagayowa abokan hamayya suka kore shi. Ansgar ya gwada sa'a a Birka ta Suwidin, aka naɗa shi bishop na Hamburg, sai ga Vikings, wato maharan teku na arewacin Turai, a 845 sun ƙone garin har da cocinsa da littattafansa.

"Da Klak ya zauna daram," in ji ta, "da mutanensa sun zama Kiristoci tun lokacin, da ba a ƙone Hamburg ba, da babbar rundunar Vikings ta 865 ba ta auka wa Ingila ba."

Na haɗiye maganata har muka shiga jirgin komawa, don ba a musu da babba a tsaye cikin sanyi. Da muka zauna na ce, "Mama, ki yi mini aikin gafara, ni ban ga haka ba." Klak soja yake nema a wurin Louis, baftisma kuwa ita ce kuɗin shiga. Mutanensa kallon yaron baƙi za su yi masa, su da ba su manta an ce Charlemagne ya karkashe maƙwabtansu 'yan ƙabilar Saxon 4,500 a Verden a 782 ba. Na kawo mata misalin gida: zamanin Yaji Wangarawa suka shigo Kano da Musulunci, amma ɗansa Kanajeji da yaƙi ya matse shi sai ya waiwayi tsafin kakanni. Kuma Cnut, ɗan Denmark ɗin da ya ci Ingila da takobi a 1016, ai Kirista ne.

Ta yi dariya har da tari, ta ce na tuna mata da labarin da wani malamin coci ya rubuta. Wani tsohon Viking aka miƙa wa rigar baftisma mai kama da buhu, ya fusata ya ce sau ashirin ana yi masa wankan nan, bai taɓa samun tsumma irin wannan ba.

Inda muka haɗu da ita shi ne kasuwa. A 1999 an tono tsabar azurfa sama da 14,000 a tsibirin Gotland na Suwidin, galibi dirhamin ƙasashen Musulmi, kuma bayi na cikin hajar da ake kaiwa gabas a karɓo irinsu. Coci ba ya son a sayar da Kirista ga wanda ba Kirista ba. Na ce to da Vikings sun karɓi Kiristanci da wuri, ƙila 'yan Ingila da Ireland su ɗan sarara, masifar ta koma kan ƙabilun Slav na gabashin Turai da ba su karɓi addinin ba tukuna. Mama ta daɗe tana kallon taga, sannan ta ɓallo baƙin burodinta ta miƙo mini rabi.

Mun iso gida bayan magariba. A bakin ƙofa na tsinci wasiƙa mai tambarin hukuma, da sunana an rubuta shi ba daidai ba. Mama ta sa tabarau ta karanta layin farko, ta ce, "Ɗana, zauna tukuna."

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.