Abin da na gani a teburin poka kafin na ajiye aiki

Na bar aikin rabon kati a gidan cacar da nake yi a Landan. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, wadda ta haramta caca, ba ta bar wa Musulmi wurin raɓewa ba, ko da kuɗin makaranta ne hujjarsa. Amma waɗanda muka yi aikin dare tare suna ta tambayar abin da ya haɗa ni da oga, to ga shi.

'Yan poka, wato cacar kati da 'yan wasa ke karawa da junansu, sun daɗe suna gardama a kan abu ɗaya: in wanda bai iya ba ya tafka wauta a tebur, a faɗa masa ko a ƙyale shi? Ƙwararru sun ce a ƙyale shi. Kifi suke kiransa. In ka kunyata shi, ko ya kwashi kuɗinsa ya tafi, ko ya je ya koyo wasan, kowanne asararka ce. Mai riƙe da A biyu, katin da ya fi kowane girma, in ya kara da mai ƙananan tagwayen kati, kusan sau huɗu cikin biyar shi ke ci, kuma wannan ɗayan da ya rage shi ke dawo da ɗan koyo gobe. Tun da Chris Moneymaker, akanta ne kawai, ya lashe dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003, kowa ya ɗauka shi ma rabonsa na tafe. Masu zagi kuwa suna da nasu gwanin, Phil Hellmuth, mai munduwa 17, kyautar da ake ba zakara a gasar poka ta duniya, wanda ya yi suna wajen balbale duk wanda ya ci shi da hannun banza. Yara na kallonsa a talabijin, su zo su gwada a kan bayin Allah.

Akwai wani dattijo direban tasi, ɗan Zangon Kumasi, da ke zuwa mana daren Juma'a. In zai duba katinsa sai ya ɗaga su har na kusa da shi ya gani, yana lissafi leɓɓansa na motsi. Wani dare ya bi kuɗin da wani saurayi ya sa, yana riƙe da 9 da 4, kati marasa ƙarfi, katin ƙarshe ya faɗo masa daidai. Saurayin nan, kullum yana wurin, ya cire abin kunnensa ya fara: jaki, wa ya koya maka, koma ka ja motarka. Dattijo bai ce uffan ba, hannunsa na rawa yana jera abin da ya ci. Na kira oga. Ya zo ya dafa kafaɗar saurayin, ya raɗa masa cewa ya bi a hankali, wannan ai shi ke ciyar da teburin. Sai ya sa aka kawo wa dattijo shayi kyauta.

Kafin awa guda duk abin da dattijo ya ci ya koma. Ya je na'urar cirar kuɗi ya dawo, ya sake komawa. Ina haɗa kati, ba a fara sabon hannu ba, na ce masa da Hausa, "Baba, don Allah ya isa haka, ku je gida ku huta." Ya ce, "Ɗana, hannu ɗaya kawai."

Washegari takardar gargaɗi na jirana: na yi wani yare a tebur. An kafa dokar Turanci zalla ne don kada a haɗa baki yayin da kati ke hannun mutane. Dokar gidan da kanta ta hana sukar wasan wani, ba a ce wa saurayin komai ba. Hukumar kula da caca ta Birtaniya ta wajabta wa gidajen nan su sa baki in suka ga mutum na cutar da kansa, oga ya fi ni sanin haka. Ni aka mayar layin asuba.

Don haka in ana wannan gardama, ba na bayan kowa. Cin mutuncin wanda bai kai ka ba rashin tarbiyya ne, ko a dara ne a gindin bishiya. Sai dai shirun ƙwararrun nan ba tausayi ba ne, kiwo ne, kamar mai turke rago yana ba shi dusa. Saurayin ya ci zarafin Baba na minti biyu. Masu yi masa murmushi suna cewa ya burge, su suka cinye guminsa na mako guda, gida na zare kasonsa a kowane hannu.

Sauran abubuwan da na koya a aikin ƙanana ne. Ka ƙirga komai a fili inda kowa zai gani. Mai yawan ba ka tukuici yana jiran ranar da za ka kau da kai. Duk takardar da aka ba ka, ka nemi kwafinta.

Tawa dai ban sa mata hannu ba. Na nemi a duba kyamara a ga ko akwai kati a hannun wani lokacin da na yi magana, har ranar da na miƙa rigar aiki ba a duba ba.